A Fim Ɗin Safarar Mutane, Wa Ke Fitowa A Bos?

Duk mai kallon fina-finan 'yan sanda da ɓarayi ya haddace yadda ake sace yarinya a allo. Mota mai baƙin gilashi ta ci burki, ƙarti biyu su diro, a toshe mata baki, a yi gaba da ita. Daga nan sai ɗakin ƙarƙashin ƙasa, da sarƙa, da wani mai tabo a kumatu yana magana da harshen da ba a ma damu a fassara wa mai kallo ba. Fim ɗin Taken na 2008 ya taimaka ƙwarai wajen dasa wannan hoto a zukatan mutane: yarinyar Ba'amurkiya ce, masu satar 'yan Albaniya, mai sayen wani attajirin Balarabe, mai ceton kuma ubanta, tsohon jami'in leƙen asiri. Fim ɗin ya yi kasuwa, kuma har yau da yawa daga masu shirya fim idan suka tashi taɓa batun safarar mutane, sawunsa suke bi ko sun sani ko ba su sani ba.

To ga yadda abin ya fi faruwa a unguwanninmu. Wata hajiya ce ta dawo daga waje, haƙorin Makka na walƙiya, ƙamshin turarenta ya riga ta shiga gida. Ta zauna a tabarma da uwar yarinya, ta ajiye tsarabar dabino da turmin atamfa. Ta tambayi jikin maigida, ta jajanta tsadar masara. Sai can wajen sallama ta ce, "Yaya, wannan 'yar taki zaman me take yi haka? Ki ba ni ita mana, ai 'yata ce. Fasfo da biza da kuɗin jirgi duk ni zan yi, in ta fara aiki ta biya a hankali." Uwa ta yi godiya har da ƙwalla. Ba a zaro bindiga ba, ba wanda ya yi ihu, maƙwabta ma sai sun shigo taya murna.

Shi ya sa nake ganin maganar su wa aka nuna a irin wannan fim, a wane matsayi, da wane harshe a bakinsu, ita ce ke yanke ko fim ɗin gaskiya ya faɗa ko ƙarya. Fim ɗin da ya ba baƙo rol ɗin bos ya koya wa uwa ta riƙa gadin ƙofar waje, alhali da ɗan gari akan ci gari. Kuma ya ɗora wa wata ƙabila laifin da ba ita kaɗai ke yinsa ba.

Yawancin furodusoshi idan aka ce musu a wakilci kowa, abin da suke ji shi ne rabon muƙamin gwamnatin tarayya: a sa Bahaushe ɗaya, Bayarabe ɗaya, Ibo ɗaya a fosta, kowa ya ga nasa, a tafi sinima. Sakamakon kowa ya san shi. Bahaushen ya fito a maigadi ko direban hamada da rawani, kalmominsa ba su wuce "wallahi" da "oga" ba, sai a harbe shi kafin a kai rabin fim. An cika lissafi, amma ba a nuna komai ba. Abin da ya kamata marubuci ya zauna ya zana tun kafin ya rubuta fitowa ta farko shi ne sarƙar harkar kanta: wa ke nemo mutum, wa ke biyan kuɗin hanya, wa ke ɗauka a mota, wa ke ajiyewa, wa ke karɓa a can, wa ke cin gumin. Kowane gurbi a cikin waɗannan akwai irin mutanen da ke cike shi a zahiri, kuma sun bambanta daga hanya zuwa hanya. In aka zana wannan daidai, bambancin fuskoki da harsuna zai zo da kansa, ba sai an cusa shi ba.

Kafin zanen ma, sai marubuci ya san abin da doka ke kira safara, domin a nan ake fara tuntuɓe. Yarjejeniyar Palermo ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta shekarar 2000, wadda dokar Nijar ta 2010 da dokar Najeriya ta 2015 suka bi tsarinta, ta gina ma'anar a kan abu uku. Akwai aikin da aka yi: ɗauko mutum, jigilarsa, ɓoye shi ko karɓarsa. Akwai hanyar da aka bi: yaudara, barazana, tilas, ko amfani da halin ƙuncin da yake ciki. Akwai kuma manufar: a ci da guminsa, ta aikin tilas, karuwanci, bauta ko cire sassan jiki. Idan yaro ne ƙasa da shekara 18, ba a ma buƙatar a tabbatar da yaudara ko tilas, amincewarsa ba ta wanke kowa. Babu inda aka ce sai an tsallake iyakar ƙasa. Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye zuwa birni mai nisan awa biyu tana iya shiga wannan ma'ana. Wanda kuma ya biya direba da kansa don a tsallakar da shi Libiya, aka kai shi aka rabu, wannan fasa-ƙwaurin mutane ne, laifi ne dabam da doka dabam. Fim ɗin da ya haɗe su biyu zai mayar da kowane direba ɗan safara, ya kuma bar hajiyar kan tabarma ta sha.

Hanyar da aka fi yi wa fim ita ce ta jihar Edo zuwa Italiya, don haka a fara da ita. A 2016 mata 'yan Najeriya fiye da 11,000 suka isa Italiya ta teku, hukumar ƙaura ta duniya IOM kuma ta ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 suna cikin haɗarin faɗawa hannun masu safara. Ginshiƙin harkar mace ce, wadda suke kira madam, kuma sau da yawa ita ma da haka aka kai ta: ta biya bashinta, ta tara kuɗi, ta aiko a ɗauko mata wasu. Bashin da ake ɗora wa yarinya yakan kai Yuro dubu talatin zuwa dubu hamsin, kuma ba ta san nauyinsa a Naira ba lokacin da ta ce ta yarda. Kafin tafiya ana kai ta matsafa ta yi rantsuwa, a karɓi gashinta da farcenta a ajiye. Abin da ke riƙe ta a Turai ke nan: tsoron rantsuwar, da sanin cewa madam ta san ƙofar gidan uwarta. Ƙarfin wannan rantsuwa ya kai har a watan Maris na 2018 Oba na Benin, Ewuare na Biyu, ya tara bokayen masarautarsa ya warware ta a bainar jama'a. Yanzu a ɗauke madam a sa wani Balarabe ko Bature a gurbinta don a samu bos mai ban tsoro. Nan take labarin ya rushe, domin mai kallo ba zai ƙara gane dalilin da ya hana yarinyar da ke yawo a titi ba sarƙa ba mari ta ruga wurin 'yan sanda ba.

Sai Agadas, inda ake yi wa mutanenmu kuɗin goro. A allo kowa mai rawani ne, kowa mugu ne, kowa harshensa ɗaya. A ƙasa ba haka abin yake ba. Akwai ɗan kamasho da ke tarar matafiya a tasha, akwai mai gidan da ake tara su kafin ranar tashi, gidan da suke kira geto, akwai direba, akwai jami'in shingen da ke karɓar na goro. Hanyar Libiya, wadda ke bi ta Dirku da Madama zuwa Gatrun da Sabha, Tubawa suka fi riƙe sitiyarinta. Hanyar Aljeriya ta Arlit da Assamaka zuwa Tamanrasset an fi sanin Buzaye da ita. Garuruwan Kawar irin su Bilma da Dirku akwai Barebari da suka daɗe a can. Hausa kuma ita ce harshen kasuwa da tasha a Agadas. Mutum huɗu ke nan da harshe huɗu da sutura huɗu, kuma ɗaurin rawanin Buzu da amawalinsa bai yi kama da na Batube ba. Mai kula da sutura da ya sayo yadi ɗaya ya naɗa wa kowa ya riga ya gaya wa duk ɗan Nijar da ke kallo cewa ba wanda ya je ya duba.

Shekarar da aka sa labarin ma sai an tsayar da ita, don Agadas ta 2014 da ta 2017 da ta 2024 gari uku ne. Kafin doka mai lamba 2015-36 ta watan Mayun 2015, jigilar matafiya sana'a ce ta fili: ranar Litinin ayari ke tashi da rakiyar soja, motocin Hilux ɗauke da mutum ashirin da wani abu kowace, ƙafafu a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa a tsakanin cinyoyinsa don kada barci ko tsallen mota ya jefar da shi, ga jarkokin ruwa da aka naɗe da buhu. Da aka fara aiki da dokar gadan-gadan a 2016, aka kama direbobi aka ƙwace motoci, sai harkar ta koma ɓoye. Direbobi suka daina bin rijiyoyin da aka sani saboda a nan sintiri ke jira, kuɗin mota ya hau, kuma wanda ya hango jami'ai ko motarsa ta lalace yakan sauke mutane a tsakiyar hamadar Tenere ya ce zai dawo. A watan Nuwamban 2023 gwamnatin soja ta soke dokar. Direban da aka rubuta da sanin wannan tarihi yana da fuska biyu: ga iyalinsa mai neman abinci ne da sana'ar da ya gada, ga fasinjan da ya zubar kuma shi ne ajalinsa. Wannan ya fi mai tabo a kumatu ban tsoro.

Inda fasa-ƙwauri ke rikiɗewa ya zama safara yawanci a kudancin Libiya ne. Wanda ya taho bashi, ko aka ce wanda ya turo shi bai biya ba, sai a miƙa shi wani gida a Sabha, a ba shi waya ya kira gida ana dukansa don iyaye su ji su aiko da kuɗi. Duniya ta farga da gwanjon mutane a Libiya bayan bidiyon CNN na Nuwamban 2017, amma abin da fina-finai ke tsallakewa shi ne, masu gadi da masu tafinta a waɗannan gidaje sau da yawa 'yan Afirka ta Yamma ne, wani lokaci 'yan ƙasar wanda ake dukan. Wanda ke riƙe da wayar yana iya zama mai jin harshen uwarka.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda Bahaushe ba ya fitowa a gurbin wanda aka zalunta, kamar mu 'yan kallo ne a wannan masifa, ko masu ba da hanya kawai. A ƙarshen Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Arlit, dab da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Motocinsu biyu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu daga yankin Kance suke a jihar Damagaram, Hausawa tsantsa, a kan hanyar zuwa bara a biranen Aljeriya. Nijar ta yi makokin kwana uku. A wannan labari babu madam, babu matsafa. Akwai gonar da ba ta ciyar da gida, akwai maƙwabciyar da ta je ta dawo ta yi ginin siminti, akwai kuma al'adar tafiya da yaran wasu bisa alƙawarin a kawo wa iyayensu rabo. Matar da ta ɗauki ɗan ƙanwarta ta tafi da shi bara, mai laifi ce ko abar tausayi? Duka biyun. Marubucin da ya iya riƙe wannan ba tare da ya wanke ta ko ya tsine mata ba, shi ya rubuta fim.

Kuma in za mu nemi a nuna mu a matsayin waɗanda aka cuta, sai mu yarda a nuna mu a matsayin masu cutar. Hadizatu Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996 kan Sefa 240,000 ga wani Bahaushe mai shekara 46 a yankin Birnin Ƙonni, a ƙarƙashin al'adar wahaya, wadda ake kira mata ta biyar. A Oktoban 2008 kotun ECOWAS ta samu gwamnatin Nijar da laifin gaza kare ta daga bauta, ta ce a biya ta Sefa miliyan 10. Mai sayen nan ba ɗan daba ba ne, mutum ne da ake gaisarwa a durƙushe. Haka nan dillaliyar 'yan aiki, wadda ke kwaso yara mata masu shekara tara zuwa goma sha biyu daga ƙauyuka ta rarraba su gidajen birni, ta riƙa karɓar albashinsu duk wata da sunan ana tara kuɗin kayan ɗaki. Ba kowace 'yar aiki ce aka yi safararta ba, kuma fim mai hankali zai nuna inda iyakar take: shekarun yarinyar, awa nawa take aiki, wa ke riƙe kuɗin, ko tana da ikon cewa za ta gida. Sai hanyar Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa, da ejan ɗin da ke yi wa mace bizar Umara ko ta aikatau, a karɓe fasfonta ranar da ta sauka, in ta gudu daga gidan ta zama marar takarda, takarin da kowa ke iya takawa.

Alƙaluman ƙungiyar ƙwadago ta duniya na 2021 sun nuna mutum miliyan 27.6 ke cikin aikin tilas, daga ciki miliyan 6.3 ne a karuwancin tilas. Cikin sauran akwai waɗanda ke gonaki, gine-gine, ma'adinai da ɗakunan girkin mutane. Amma kyamara kullum gidan karuwai take nufa, don a can ake samun jan fitila da kyawawan 'yan mata na sa wa a tirela. Saurayin da aka kai ramin zinariya da bashin kuɗin mota a wuyansa ba ya sayar da tikiti, don haka babu shi.

Akwai wurin da wannan magana ke da wuta, kuma gara a taɓa shi. A Oktoban 2019 'yan sanda sun gano yara tara da aka sace daga Kano aka kai Anaca a jihar Anambra, an sauya musu suna da addini, a 2021 kuma wata babbar kotu a Kano ta yanke wa jagoran masu satar ɗaurin shekara 104. Ranar da wani zai mayar da wannan fim tana zuwa. In ya rubuta shi yadda duk Ibon da ya bayyana a allo ɓarawon yara ne, to ya kunna ashana a Sabon Gari, kuma ya yi wa wasu abin da muke kukan ana yi mana. In kuma ya ɓoye asalin masu laifin don gudun rigima, ya yi wa iyayen yaran ƙarya. Mafita a aikin rubutu take: duk al'ummar da aka ɗauko mai laifi daga cikinta, a samu wani daga cikinta mai suna, mai iyali, wanda ya yanke wata shawara da ta juya labarin. Maƙwabciyar da ta lura yaron gidan can ba ya jin harshen "uwarsa" ta isa. Bambancin wannan da rabon muƙami shi ne, in ka cire ta labarin ba zai tafi ba.

Harshe shi ne inda ake kama mai ƙarya da wuri. Matar Kance ba ta magana kamar 'yar Fagge. Mutumin Ƙonni zai ce "shina tahiya", ya ce "mi", ya ce "wanga", ba zai ce "yana tafiya" da bakin Kano ba. Ɗan Nijar lakwal ya yi, jandarma ke tsare shi a hanya, duwan ke duba kayansa, kamyo ke ɗaukar buhunansa. Lissafin kuɗi ma tarko ne: a Nijar dala Sefa biyar ce, jaka kuma Sefa dubu, alhali jakar Najeriya Naira ɗari biyu ce. A sa direban Agadas ya ce "Sefa ɗari" a inda zai ce "dala ashirin", mai kallo a Maraɗi zai yi dariya a daidai wurin da ake so ya yi kuka. Maganin ba shi da tsada. Kowane harshe ko karin harshe da ke cikin fim a ɗauko masa mutum ɗaya ɗan wurin, tun a matakin rubutu. Kada a ba shi layukan ya fassara, a gaya masa abin da ke faruwa a fitowar ya faɗi yadda mutumin garinsu zai faɗe shi. Ranar ɗauka ya kasance a lokeshan da abin saurare a kunne, yana da ikon cewa a sake. Sannan duk abin da aka faɗa a allo a fassara shi a rubutun ƙasa, har da hirar masu laifi a tsakaninsu. Harshen da aka bari ba fassara ya koma gurnani, mai shi kuma ya tashi daga mutum.

Wa ke ceto? A fim, wani jarumi daga waje. A zahiri, yawanci wadda abin ya shafa ita ke fara ceton kanta: ta ɓoye waya a buhun shinkafa, ta haddace lambar wata 'yar garinsu, ta yi bidiyo a banɗaki ta tura, ta jira ranar da aka manta ba a kulle ƙofa ba. Bayan nan ne ofishin jakadanci, ko jirgin IOM, ko jami'an NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane da Najeriya ta kafa a 2003, ke shigowa. Akwai gwaji mai sauƙi da kowane darakta zai iya yi da jan biro: a bi rubutun fitowa bayan fitowa, a yi alama a duk inda wadda aka yi safararta ta yanke shawara da kanta, ko da shawarar ta ɓaci. In fim mai fitowa sittin ko saba'in bai samu alama goma ba, to ba labarinta ba ne, kaya ce da jarumi da bos ke ja-in-ja a kai. Kuma kada a tsaya a filin jirgi da rungume-rungume. Wadda ta dawo hannu rabbana tana tarar da gonar da aka jinginar don tafiyarta, da uwar da ba ta son a san abin da ya faru, da hajiyar da har yanzu ake gayyata suna da biki.

A nan masana'antar Kano tana da nata ciwon. Ƙa'idojin Hukumar Tace Fina-finai, wadda aka kafa a 2001, sun hana nuna tsiraici da taɓa juna, ni kuma ina ganin a wannan batu alheri ne, don suna tilasta wa darakta ya nuna zalunci ta kayan aikinsa: fasfo a cikin durowa mai makulli, littafin bashi da adadinsa ke ƙaruwa maimakon raguwa, sakatar da ke waje ba ciki ba. Ciwon shi ne wa'azin ƙarshe. An saba rubuta yarinyar da ta tafi a matsayin mai idon cin naira, ta sha wuya, ta dawo ta durƙusa tana kuka, wani dattijo ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala, a rufe. Wannan hukunci ne a kan wadda aka cuta. Ejan ɗin da ya ci kuɗin ba a ma sake nuna shi ba, kuma duk wadda ta dawo da irin wannan rauni ta kalli fim ɗin ta ƙara koyon yin shiru.

Fim ɗin Òlòtūré, wanda Kenneth Gyang ya ba da umarni ya kuma fito a Netflix a 2020, ya kauce wa wasu daga waɗannan ramuka: mai harkar mace ce 'yar gida, kuma ya ƙare mota na tsallaka iyaka ba tare da an ceci kowa ba. Amma ya bar wani darasi a bayan fage. 'Yar jarida Tobore Ovuorie, wadda ta yi binciken ɓad-da-kama a kan safarar mata da Premium Times ta buga a 2014, ta fito ta ce rayuwarta aka ɗauka, kamfanin da ya shirya fim ɗin kuma ya ce ya bi ƙa'ida, aka yi ta takaddama. Ko wa ke da gaskiya, tambayar ta zauna: labarin wa ake sayarwa, wa ya ci kuɗin? Wanda zai yi hira da waɗanda suka tsira ya bi ta hannun ƙungiya ko hukumar da ke kula da su, kada ya bi su gida. A rubuta yarjejeniya da harshen da suke ji, a karanta musu in ba sa karatu. A biya su kuɗin ba da shawara kamar yadda ake biyan kowane ma'aikaci. A sauya suna, gari, shekara, yawan 'yan'uwa, da duk wata alama ta jiki irin tsaga ko tabo, domin a ƙaramin gari abu biyu sun isa a gane mutum, wanda ya yi safararta kuma yana da talabijin. Kafin a fara ɗauka a karanta musu sassan da suka shafe su, su ce a cire abin da suke so a cire.

Furodusa zai ce duk wannan ya ji, amma kasuwa taurari take saye, kuma fim ɗin fargaba sai da bos ɗin da za a tsana tun fitowarsa ta farko. Rabin maganarsa gaskiya ce: mutumin da zai faɗi gyaran harshe da wanda zai duba sutura da kuɗin masu ba da shawara duk daga aljihunsa za su fito, kuma ba fuskarsu ake sa wa a fosta ba. Sai dai kuɗin fitowa ɗaya ta tseren motoci ko rawa da waƙa ya isa ya biya su duka. Tauraron ma ba a ce a bar shi ba, gurbinsa za a sauya. A nemo jarumar da 'yan kallo suka shekara ashirin suna gani a uwa ta gari, mai carbi da nasiha, a ba ta rol ɗin hajiyar kan tabarma, kuma kada a sa mata kiɗan mugunta ko harara. Ta yi fara'arta da ta saba. A fitowa ta uku a nuna wa mai kallo durowarta a buɗe, fasfo bakwai a ɗaure da kyauro, sannan a koma tsakar gidan, inda uwar yarinya ke dama mata fura tana ce wa 'yarta ta je ta ɗauko wa Hajiya ludayi mai kyau.